Mai Motar Kanwa

Inno mai fura ba ta san sunansa ba, ba ta kuma taɓa ganin ta inda yake ɓullowa ba. Da hantsi tana ɗaga kai sai ta gan shi jikin motarsa a gefen kasuwar Wurno, dogo, duk ya rame, hularsa fes.

Damina uku ke nan da 'yan doka suka kama motar da lodin kanwa babu takardar izni. Alƙali ya ce maganar ta Joji ce, Joji ya ce sai Sakkwato. Tayoyi sun nutse, tumaki na lasar abin da ruwa ya narkar daga buhuna.

Shi kuwa kullum sai ya zuba wa inji ruwa daga butarsa, ya goge gilashi da hannun riga, ya hau ya kama sitiyari. Inno na zaton akwai masu jiransa a wani gari, in suna da rai.

Yau ya leƙo ta taga.

"Inna, gusa da ƙwaryakki, za ni wuce."

"Da mi za ka wuce, bawan Allah?"

Sai ta ga tumakin sun bar lasa, sun dare biyu, sun ba shi hanya. Ita ma ta ɗauke ƙwaryarta.