Kunkuru a Kan Dutsen Hafit

Ni ne da laifi. Gara in faɗa tun daga farko, kafin daɗin labari ya kwashe ni in fara wanke kaina, domin halina ne. Motar ba ta yi komai ba, matata ba ta yi komai ba, dutsen da muka hau ma yana zaune inda Allah ya ajiye shi.

Aikina sayar da kayan gyaran mota a wani shago a Ras Al Khor. Fulogi, filta, fambel, baƙin mai, duk abin da injin fetur ke ci. Kafin in zo Dubai na yi shekaru ina jan bas tsakanin Kano da Zariya. Shi ya sa ranar da matata ta ce tsohuwar motarmu ta gaji, kuma mai lantarki take so mu saya, na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ni da na tashi a unguwar da ake kwana uku ba a kawo wuta ba, ni zan ɗora iyalina a kan batir kamar tocila?

Ba ta yi musu da ni ba. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Al Nahda, ta saba da masu taurin kai. Littafi ta samu, ta yi wata uku tana rubutu a ciki: wace mota ce bayanta zai ɗauki yara biyu da babba guda, wacce ke jure tafiya mai nisa da esi a kunne, ina wuraren caji suke kusa da mu, tunda a bene muke zaune a International City, ba mu da garejin kanmu.

Ranar gwajin motar da ta zaɓa na je ne don in kushe. Na zauna, na taka totur irin takun da na saba yi wa bas, sai motar ta zabura ba ƙara ba hayaƙi, ƙeyata ta bugi kujera. Na yi wani ihu da ban san ina da shi ba. Da muka tsaya na buɗe bonet in ga inji, sai na tarar da rami kamar kwandon cefane. Na rufe, na sake buɗewa. Balaraben da ke sayarwa ya ce, “Kalas, habibi?” Wato an gama ciniki ke nan? Na ce kalas, na saya.

Daga ranar na haukace. Ina wanke ta safe da yamma. Ina lallaɓowa bayan abokan aiki ba su ji ba, sai in danna ham su watse. Maƙwabcin shagonmu, wani mutumin Maraɗi da ke kirana Patron, wato maigida, ya ce, “Patron, kai mai sayar da fulogi ka sayi motar da ba ta cin fulogi? Ka zama mahaucin da ba ya cin nama.” Na ce masa ai sai da na yi bincike mai zurfi. Haka na riƙa faɗa wa kowa. Littafin matata kuwa yana cikin aljihun ƙofar mota, ban taɓa buɗe shi ba.

Bayan wata biyar Hajiya, mahaifiyar matata, ta zo mana ziyara daga Kano. Dattijuwa ce mai kaifin ido, kuma tun farko ba ta so 'yarta ta yi nisa haka ba, balle ta riƙa tuƙi cikin manyan tituna. “Mace da sitiyari,” in ji ta, “sai ka ce an rasa maza.” Ni kuma shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa kai loma baki a gabanta ba. Haka aka rene ni. Tun da ta sauka a gidanmu nake cin tuwona a tsaye a kicin. In zan gaya mata magana sai in gaya wa yara, da ƙarfi. Ta haka ne ma na sanar da ita cewa ni na zaɓo motar.

Matata ta tsara mana tafiya ranar Asabar zuwa dutsen Hafit da ke Al Ain. Ta ce in cika batir ranar Juma'a. Idan mun kusa shiga garin za mu tsaya a wani gidan mai da ke da wurin caji da gidan abinci, mota ta sha wuta, mu ci abincin rana. Daga nan ita za ta karɓi tuƙi ta hau da mu dutsen.

“Abban yara,” ta ce, “abu ɗaya nake so. Umma ta ga ina tuƙi sau ɗaya, ta koma gida da hankali kwance cewa 'yarta ta iya wani abu. Kada ka ɓata min.”

Na ce haba, ni ɗin?

Ranar Juma'a da la'asar na kai motar caji bayan babbar kasuwar 'yan China. Tana kan saba'in da biyar cikin ɗari sai ga mutumin Maraɗi ya zo wucewa, ya ce shi har yau bai yarda tana gudu ba. Na zare wayar caji, na ɗauke shi muka zaga, ya yi ta salati da Faransanci a gauraye. Ban koma cajin ba. A raina na ce kowace mota tana da rizab. Na sha ganin allurar mai ta kwanta a kan ja tun daga Kwanar Dangora, bas ta kai ni Kano lafiya lau.

Da safe na sa jakar abinci a ramin bonet, Hajiya ta leƙa ta ce, “Ikon Allah, sun manta ba su sa inji ba.” Ta zauna a baya tsakanin jikokinta, ni kuma na karkatar da madubi yadda idona ba zai faɗa cikin nata ba. Matata ta kalli allon mota, ta kalle ni. Na ce, “Ya isa, ai za mu tsaya a hanya.”

Hanyar Al Ain shimfiɗaɗɗiya ce, yashi ja dama da hagu, raƙuma a bayan shinge. Daɗi ya kama ni. Na riƙa taka ta, ina wuce manyan motoci, yara suna ihu, ni ina gaya wa gilashin gaba yadda motar ke da ƙarfin dawakai masu yawa, don Hajiya ta ji. Lambar batir kuwa tana zuba kamar gari daga buhun da ya huje.

Da allon gidan man ya bayyana, sai na tuna abin da ke jirana a ciki: tebur ɗaya, kujeru biyar, ni da Hajiya fuska da fuska, ga kaza a faranti. Babu kicin ɗin da zan ɓuya. Gumi ya karyo min duk da esi.

“Ga wurin nan,” in ji matata. “Abban yara, ga wurin nan. Ka rage gudu.”

Na wuce.

“Sha bakwai ya rage,” ta ce a hankali, don kada uwarta ta ji.

“Akwai rizab,” na ce.

Titin dutsen yana nannaɗe kamar rawani, kwana bayan kwana, kowace ta fi ta baya tsayi. A nan na gane hawa ba tafiya ba ce. Sha huɗu. Sha ɗaya. Takwas. Na kashe rediyo, kamar shi ke shanye wutar. Na kashe esi na ce wa yara iskar dutse tana da amfani ga ƙirji, aka buɗe taga, iska ta shigo kamar daga bakin tanda. Da muka kai biyar motar ta yi nauyi, ina taka ta ba ta amsawa, sai ga wani ɗan hoto ruwan ɗorawa ya fito a allo.

“Abba, kunkuru!” in ji ƙaramar 'yata. “Kaka, dubi kunkuru!”

Hajiya ta miƙo wuya. “Wannan kunkurun fa na mene ne?”

Matata ta ce motar ce ke cewa wuta ta kusa ƙarewa, za ta riƙa tafiya a hankali. Wani mai keke sanye da hular kwano ya zo daidai tagata, muka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, ya ɗaga min hannu ya wuce.

A nan na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Kunya ta cika min ciki, na rasa inda zan sauke ta, sai na sauke ta a kan wadda ba ta da haƙƙi. Na ce wa gilashin gaba, da muryar da za a ji a baya, “Ai dama na faɗa. Motar da mace ta zaɓo daga littafi ke nan. Da ta fetur ce da yanzu muna sama.”

“Au,” in ji Hajiya. “Ke kika zaɓo ta?” Ta ja numfashi. “Kin gani ko? Abin maza a bar wa maza.”

Matata ta juyar da fuska wajen taga.

Mun kai filin da ke saman dutsen da uku a batir. Gari yana shimfiɗe a ƙasa, kyakkyawa, amma ban gan shi ba. Na zagaya filin da ƙafa ko zan ga wurin caji, ban gani ba. Na dawo na ce kada kowa ya damu, komawa gangara ce, zan sa ta a firi kamar yadda muke yi wa bas, ta mirgina da kanta.

“Ba ni makulli,” in ji matata.

“Ke dai ki bari, ni na san...”

“In ka sa ta a firi ko ɗigo ba za ta samu ba. A giya ake barinta, a ɗage ƙafa, tayoyi su juya, wuta ta koma batir. Yana cikin littafin. Na karanta maka kana kallon ƙwallo. Ba ni makulli.”

Na ba ta. Hajiya ta ce in dai mutuwa za a yi, ita a gaba za ta zauna ta gani da idonta. Na koma baya tsakanin yara, gwiwoyina a ƙirji. Matata ta gyara kujera, ta miƙe madubin da na karkatar, ta ce bismillah.

Kwana ta farko Hajiya ta damƙe carbi. Ta biyu ta damƙe ƙofa. Matata na tafe da mu sannu, hannu biyu a kan sitiyari, da ƙyar take taɓa birki. Sai babban ɗana ya ce, “Huɗu!”

Na leƙa. Huɗu ne. Ni da na yi shekara ashirin cikin motoci ban taɓa ganin tanki ya ƙaru ana tafiya ba.

“Biyar!” Yara suka haɗa baki.

“Wai ƙaruwa take yi?” in ji Hajiya. Ta saki ƙofa, ta sa tabarau, ta kafa wa allo ido. “Shida! Ke, shida! Yi a hankali kada ta zube!”

Ni ma ban san lokacin da na fara tafi ba. Muka riƙa ƙirga kwana, muna ƙirga lamba, ƙaramar tana rera wa kunkuru waƙar sallama. A bakwai kunkuru ya ɓace. Hajiya, dattijuwar da ban taɓa jin dariyarta ba, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa a cikin mota, har wasu Indiyawa da ke ɗaukar hoto a gefen titi suka juyo. Mun iso gindin dutse da takwas a batir, matata ta kunna esi kaɗan, ta kai mu wani gidan mai da ke da wurin caji a cikin gari, wanda shi ma yake cikin littafinta.

Ta jona wayar caji da kanta. Aka shiga gidan abinci, aka kawo shinkafa da kaza. Ni na zauna can a wani tebur kusa da ƙofa, wai ina gadin mota. Ina jin Hajiya tana cewa, “To ni abin da ban gane ba, motar da ke haifar wuta da kanta, yaya aka yi ta kusa kashe mu da zafi? Ba a cika ta ba ne tun daga gida?”

Sai matata ta ce, “Umma, wurin cajin ne yakan cika da mutane ranar Juma'a.”

Rufa min asiri take yi, bayan abin da na yi mata a kan dutse. Wannan ya fi kunkuru zafi. Na tashi, na tako har gaban teburinsu, na durƙusa a kan tayil, ma'aikacin wurin yana tsaye da kwanon salak yana kallona. Karo na farko a rayuwata na ɗaga kai na yi wa Hajiya magana ba ta bakin yara ba.

“Hajiya, babu layi a wurin caji. Ni na zare waya don in burge aboki. Ita ta ce in tsaya a hanya, na wuce, saboda ina jin kunyar cin abinci a gabanki. Motar nan ita ta zaɓo ta, wata uku tana bincike, ni kuma na bi gari ina cewa ni ne, sai da abu ya ɓaci na mayar mata. Duk abin da ya yi kyau yau nata ne, wanda ya lalace nawa ne.”

Sannan na juya wajen matata.

“Abu ɗaya kika roƙe ni, na ɓata miki, na kuma ɗora miki laifina a gaban mahaifiyarki. Ban kyauta ba. Don Allah ki yafe min.”