Sakatariyar da Imel Ya Ƙi Buɗe Wa

A asibitin da na je karɓar sakamakon gwajin mahaifiyata, wata sakatariya na zaune gaban tsohuwar kwamfuta mai ƙeya, wadda farinta ya koma ruwan ƙasa. Matar za ta yi shekara hamsin. Ta zare takalmi ɗaya tana murza diddige a ƙafar tebur, tabarau ya zamo mata har karan hanci.

Manhajar imel ɗinta ta daina karɓar saƙo, sakamakon kuwa ta nan ɗakin gwaji ke turo shi. Tana sauke sabuwar manhaja, abin yana tafiyar hawainiya. Da ya kusa kammala sai rubutu ya fito cewa kwamfutar ta tsufa, sabuwar ba za ta hau kanta ba.

Ko tsaki ba ta yi ba. Ina jin a gida ma ita ce mai lallaɓa duk abin da ya lalace.

Na ce, "Anti, yau ba zai samu ba ke nan? Jikin Mama ya matsa."

"Ƙanena, tun bara nake faɗa musu su canza ta. Wai ai tana kunnuwa."

Ta ɗauki wayarta mai fasasshen gilashi, ta roƙi ɗakin gwaji su turo mata ta can. Da ya shigo ta miƙo mini.

"Karanta da sauri, caji ya kusa ƙarewa."

Abin da muke tsoro babu shi. Na ɗago in yi godiya, har ta sake danna sauke manhajar a kwamfutar, tana cewa, "Wa ke biye?"