Lallen Rahmatu da fitilar da Yaya Falalu ya bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 17 ga Nuwamba, 2015, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Falalu Uba, a asibiti a Birmingham, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara sittin da uku.

Yaya, kwana arba'in ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ba don na rasa alherinka da zan faɗa ba. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya ne, kuma ka san ni, ba na iya yabo da abu a wuya.

Alherin zan fara faɗa, domin haƙƙinka ne. Shekarar da mijina ya rasu, kowace Lahadi kana kan hanya daga gidanka a Balsall Heath, Birmingham, zuwa nawa a Old Trafford, Manchester, da buhun shinkafa a bayan mota, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Shekara goma sha takwas ka yi kana koya wa matasa gyaran wutar mota a cibiyar koyon sana'a ta ƙaramar hukuma. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu aka rufe cibiyar, ban ji ka zagi kowa ba. Ka kama ɗan gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ka koma gyaran tsofaffin motocin Turawa, irin waɗanda wayoyinsu suka girmi masu tuƙa su.

Na taɓa zama a garejin ina kallo. Wani likita ya kawo mota, fitilar gaba ba ta kamawa, ya canza ƙwan fitilar sau uku. Ka ce masa ƙwan ba shi da laifi. Ka duba fis, ka duba makunni, sannan ka bi wata baƙar waya har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen motar. Ita kuke kira wayar ƙasa, ta nan wuta ke komawa batir. Tsatsa ce ta cinye wurin. Ka goge da samfefa, fitila ta kama, ka ce ya tafi, babu abin saye. A hanya na riƙa gaya wa 'ya'yana: ku dubi kawunku, mutumin da ba ya ƙarya ko a inda ba mai kama shi.

Shi ya sa da 'yata Rahmatu ta samu gurbin karatun haɗa magunguna, ta kama ɗaki a unguwar Selly Oak a Birmingham, hannunka na damƙa ta. Na ce maka amana ce. Ka ce, “Turai, kwantar da hankalinki.”

Ranar sadakar uku, muna zaune a falonka, wata dattijuwar Baturiya mai suna Catherine ta shigo gaisuwa. Da aka ce mata ni ce uwar Rahmatu, sai ta kama hannuna, ta ce in yi alfahari, shekara biyu ke nan ba ta yarda kowa ya taɓa wayoyin motarta sai kai da 'yata. Na ce ta yi kuskure, 'yata tana ajin ƙarshe a jami'a. Matarka Sa'adiya ta sunkuyar da kai. A nan na gane ni kaɗai ce baƙuwa a gidan.

Na kira Rahmatu kicin na ce ta miƙo hannuwanta. Shekara biyu, duk zuwan da za ta yi Manchester, yatsunta baƙi ƙirin da lalle har farce. Ina nuna wa mata a wajen biki, ina cewa ga yarinyar da jami'a ba ta raba ta da al'ada ba. Ashe baƙin mai ake rufewa.

“Dabarar wa?” na tambaye ta.

“Ta Kawu ce, Umma. Na faɗi jarrabawa sau biyu, suka sallame ni. Ya ce zai gaya miki idan na ƙware.”

“Ke kuma bakinki ciwo yake?”

“Tsoro nake ji.”

Tsorona. Na ji wannan, kuma ban ce ba ni da kaso a ciki ba. Amma yarinya ta ji tsoron uwarta, an saba. Kai me ka ji tsoro? Da ka zo ka zauna ka faɗa mini, da na yi faɗa, da na yi wata guda ba na ɗaga wayarka, sannan in sauko. Ka hana ni wannan. Ka bar ni ina yi wa mutane ƙarya da bakina ban sani ba, ka bar ni na ji gaskiyar 'yata daga bakin baƙuwa, a gaban jama'a, kai kuma kana inda ba zan iya tambayarka ba. Sana'a ba abin kunya ba ce, Yaya. Ɓoyewar ce.

A wurin sadakar, da aka ce duk wanda ka ɓata wa ya yafe, kowa ya amsa. Ni ban buɗe baki ba, kuma na san nauyin hakan a kan wanda ke kabari.

Makon jiya na je garejin. Motar Catherine tana nan yadda ka bar ta, koriya, mai kujera biyu, ƙirar 1965. Fitilar hagu ja-ja take kamar garwashi, in an sa ful, wato hasken nesa, kuma duka biyun su mutu. Aikinka na ƙarshe ke nan, ba ka gama ba. Rahmatu ta ba ni tocila ta ce in haska mata. Ba ta ko kalli ƙwan ba. Ta duba fis, ta duba makunni, ta cire kwanon fitilar, ta bi baƙar wayar da yatsa har ta kai ga tsatsar. Ta ciji leɓe kamar yadda kake yi. Da ta goge ta ɗaure, ta ce in murɗa makunnin. Hasken ya cika bangon.

Hannunta babu lalle ranar. Na ce kada ta sake sa shi sai da biki.

Na yafe maka, Yaya Falalu. Ban ce ka yi daidai ba, kuma ba zan ce ba. Amma ba zan bari haƙƙina ya tsare ka ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ka ɓoye, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Sa'adiya, da ɗanka Abdulsalam, da 'yan'uwa na nan da na Kano, da Rahmatu, wadda ta rasa kawu ta rasa malami. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani. Amin.

Ƙanwarka,
Turai Uba, Old Trafford, Manchester