Saƙon da bai isa Yanbu ba

A ƙarshen shekarun 1980 ni saurayi ne mai ji da kai, haifaffen Madina, jikan alhazan Kano, ina aikin kwamfuta a wani kamfani a unguwar Sultana. Ni na rubuta shirin da ke haɗa ofishinmu da reshenmu na garin Yanbu, inda aminina yake zaune gaban allo wuni guda. Unguwarmu ɗaya, mahaifiyarsa, Inna, ta goya ni. Don taƙama har na daina taɓa tarho, ina yi wa masu buga shi dariya.

Kwamfuta tana magana da 'yar'uwarta ne ta wata ƙofa da muke kira soket. Kafin shirina ya tura saƙo, sai ya tambayi tsarin da ke tafiyar da injin ko ƙofar a shirye take. Da tsohon injinmu ban taɓa ganin ya amsa ba sai layi ya haɗu, don haka na ɗauka ma'anar ke nan, na sa shirin ya rubuta "an aika" ba tare da ya duba abin da ya biyo baya ba. Da aka kawo sabon inji, shi kuwa ko ƙofar ba ta haɗu da kowa ba, cewa yake a shirye take. Nufinsa kawai ba zai sa ka jira ba. Ban karanta ba, ban gwada ba.

Wata safiya ƙanwar aminin nawa ta zo ofis tana kuka, rabi Hausa rabi Larabci, ta ce jikin Inna ya rikice, sunansa kawai take kira. Na rubuta masa ya taso yanzu, allo ya ce an aika, na ce mata ta koma, yana hanya. Tarho na gefen hannuna. Inna ta cika bayan azahar, kuma a Madina gawa ba ta jiran kowa: aka sallace ta a Harami da la'asar, muka kai ta maƙabartar Baƙi'a, ina ta waigen hanya, har ina jin haushinsa a raina. Ashe layin kwamfutarmu da Yanbu a katse yake tun safe.

Washegari ya iso. Na faɗa masa komai a gaban 'yan ta'aziyya, ina so ya zage ni. Sai ya ce, "Khalas, shi ke nan, ya akhuya, ɗan'uwana, kwananta ne ya ƙare. Amma ta tambaye ni?" Na ce ta tambaya. Ya rufe fuska da gutra, ƙyallen da ke kansa.

Gyaran shirin, rubutun layi biyu ne kacal, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Masu wannan sana'a, ku binciki abin da inji yake nufi da amsarsa, don kowane da nasa hali. In kuwa saƙon na rai ne, kada ku tashi sai kun ji muryar mutumin. Aminina ya yafe mini, muna zumunci har yau, amma a gidansu ba a sake ba ni saƙo in isar ba.