Larabar Da Aka Ƙirga Ɗalibai Babu Nawa Biyu

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin wannan Larabar za ta fita daga raina. A shekarar ina riƙon yara biyu a gidana na unguwar Camberwell a Landan: 'yar yayana da aka haifa a Amurka, da ɗan ƙanwata wanda ya tashi a Jamus. Aiki ya mayar da iyayensu Najeriya, suka bar min su don su ƙarasa sakandare a Landan. Kowannensu shekara sha huɗu, makaranta ɗaya na sa su. Ni da iyayi, cewa na yi ai makaranta makaranta ce ko a ina take.

Kullum wurin cin abinci sai sun yi musu. Shi ya ce a Jamus ƙarfe ɗaya an tashi, kowa ya hau kekensa ya tafi gida, ba mai rakiya. Ita ta ce su motar makaranta ke kwasa, sai yamma a dawo da su, ko bayi ba ka zuwa sai da takardar izini. Kayan makaranta kaɗai ya haɗa kansu, don duk sun tsane shi. Surutunsu nake ji sama-sama ina latsa waya, ban taɓa tsayawa na saurara ba.

Ranar ina wurin aiki, wani kantin magani a Old Kent Road, sai ga kira daga makaranta. Wata malama ta ce wani abu ya fashe a ɗakin gwajin kimiyya, wuta ta kama, an fitar da ɗalibai fili an ƙirga, amma ba a ga nawa ba.

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ta ce, "Duka biyun."

Kafin in ajiye wayar saƙo ya shigo daga yarinyar: "Gwaggo ki yafe min. Ki ce wa Baba ina sonsa. Kar ki kira." Na kira, ba ta ɗauka ba. Na kira yaron, wayarsa a kashe. Na hau bas, cunkoso ya riƙe mu, na sauka na kama gudu da takalmin aiki, mayafina na jan ƙasa.

A ƙofar makarantar motocin kashe gobara sun tare hanya, hayaƙi na fita ta tagogin bene. Iyaye na rungume da 'ya'yansu, ni hannuna wayam. Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: da wane baki zan gaya wa yayana da ƙanwata cewa amanarsu ta salwanta a hannuna rana ɗaya?

Ina tsaye ina salati wayata ta yi ƙara. Yaron ne, muryarsa sumul.

"Anti, ina kika ajiye yaji? Ƙwai nake soyawa."

Na daka masa tsawa, "Kana ina?"

"Ina gida mana. Malamin bai zo ba, an yi cancel ɗin lesson. Ai in babu malami tafiya ake yi."

Haka ake yi a Jamus. Ya bi bayan motar kawo kayan abinci ya fice tun kafin gobarar, wayarsa kuma caji ya ƙare. Da yana kusa da ya sha ranƙwashi. Na gaya masa 'yar uwarsa na cikin ginin. Ya ce, "Anti, ba za ta fito ba. Ta ce a Amurka in aka ji ƙara kamar ta bindiga, ɓuya ake yi, a kashe fitila, a yi tsit. Tun suna ƙanana ake koya musu. Ku duba sito na ajin zane, ta taɓa ce min can za ta shiga."

A gabana ta faɗa masa wannan, a teburina.

Na ruga na gaya wa shugaban masu kashe gobarar. Suka hau, suka tarar da ƙofar siton a tokare ta ciki, hayaƙi ya fara cika barandar. Suka buga, suka yi kira, shiru, don an koya mata kada ta buɗe wa muryar da ba ta sani ba. Shugaban ya miƙo min oba-obarsa ya ce in yi mata magana, za ta ji ni ta oba-obar waɗanda ke bakin ƙofar. Da Hausa na yi: "Ke, Gwaggonki ce. Babu mai bindiga, wuta ce. Buɗe ƙofar nan, don girman Allah."

Na ji ƙarar jan tebur. Aka fito da ita tana tari, almakashi a damƙe a hannunta, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu duk sun girma, har tsokanar juna suke yi da zancen. Ni ban taɓa iya dariyarsa ba. Tun daga ranar, duk yaron da aka damƙa min, ba na tsayawa kan abin da yake ci da ajin da yake. Sai na ajiye waya na zaunar da shi na tambaye shi abin da aka koya masa ya ji tsoro a inda ya fito, da kuma inda zai nufa idan tsoron ya zo.