Yadda Kawu Ilu Ya Zagaya da Ni Jidda

Ku da kuka zauna da Kawu Ilu a unguwar Karantina ta Jidda kun san ba ya fita sai da ƙullin yaji a cikin hularsa. Duk inda aka ajiye masa abinci sai ya tuɓe hula, ya kwance ƙulli, ya barbaɗa. In mai abinci ya ɓata rai, ya ce, "Ba raini ba ne, taimako ne."

Ni ban taɓa ganinsa ba sai a farkon shekarun saba'in, da na sauke farali jirginmu ya yi jinkiri, na samu kwana biyu a Jidda. Yayan mahaifiyata Hauwa ne. Tun yana saurayi ya bar Kano ya biyo ta Sudan, ya kafa keken ɗinki a Bab Makka, wata unguwa a Jidda. Saƙo ɗaya Inna ta ba ni: in ce wa yayanta ya dawo gida su gana.

Da safe na gyara zama na ce, "Kawu, Inna ta ce..."

"Yalla, tashi! Ba a isar da saƙo da yunwa."

Ya ja ni wurin wani Bayamane, muka ci ful, wato wake da aka dama da mai, da burodi mai faɗin faifai. Aka kawo ma'asub, ayaba da burodi da zuma a kirɓe. Sai ga Kawu ya tuɓe hula! Bayamanen ya dafe kai yana, "Ya Hajji, haram alaik!" Kawu ya kai loma, ya hau atishawa, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Ka gani? Daɗi har ya sa ni kuka."

Daga nan sai shagon gahawa a Bab Makka. Na sake cewa, "Kawu, maganar Inna..." Ya cusa mini dabino a baki. Mai gahawa ya tsiyaya mini a ɗan finjali, na shanye, ya ƙara, na shanye, ya ƙara. Ashe sai ka kaɗa finjalin yake dainawa, Kawu kuwa ya yi gum yana kallona. Ni ga kunya, ga ɗaci. Na sha, na sha, har hannuna ya kama rawa da kansa. Nan take mutumin ya janye butarsa. Kawu ya buga cinya: "Kai, ɗan Hauwa akwai ƙwaƙwalwa! Ko koya masa ba a yi ba!"

Washegari ya ce yau zan ci abin da babu irinsa a duk Hijaz. Muka taka a ƙafa cikin rana, don Kawu ya ce mota tana kashe marmari. A hanya ya saya mini sobiya, wani abin sha mai sanyi, ya shanye rabi wai yana duba mini. Muka ratsa lunguna har unguwar Mahjar, ƙafata duk bororo. Ya tsaya gaban wani hayaƙi, ya buɗe hannuwa: "Siriya!"

Na leƙa. Tsire ne, jama'a, haka suke kiransa a can! Mai gashin ma ɗan Gwammaja ne.

"Kawu, daga Kano fa na zo."

"To, ai shi ya sa. Wa ya fi ka sanin darajarsa?"

Da yamma, zai raka ni masaukin alhazai, sai ya ratse da ni ta bakin wata maƙabarta. Ya tsaya a jikin katanga ya yi sallama a hankali. Bai juyo ba ya ce, "Na san saƙon Hauwa tun kafin ka buɗe baki. Matata Zainabu tana nan ciki, da ɗanmu guda da Allah ya ba mu. Duk Juma'a nake zuwa. In na tafi, wa zai zo musu?"

Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Halas, shi ke nan. Ka ce mata ina nan lafiya, kuma ban bar ɗanta da yunwa ba."

Da na faɗa wa Inna, ta yi dariya, ta yi kuka, ta ce, "Yaya ke nan." Ba su sake ganawa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya sanyaya makwancinsa kusa da nasa. Ya haɗa shi da ƙanwarsa a inda ba a rabuwa. Amin.