Kawu Ilu da Masu Hasashen Ruwa

Duk wanda ya san Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, ya san shi da rediyonsa mai ɗaurin roba. Da damina ta kama, kullum bayan la'asar yana gindin durumi ya kara shi a kunne, yana jiran hasashen yanayi kamar mai jiran ɓarawo. Sai a ce Katsina hadari, Daura yayyafi, Kano rana. Ƙahon Dutse kuwa, ƙauyenmu da ke maƙale jikin duwatsu can bayan garin Babban Mutum, ko da kuskure ba a taɓa ambatarsa ba.

Sai ya sauke rediyon ya harare shi. "Mu fa? Ko mu ba sama a kanmu?"

Na taɓa ce masa, "Kawu, garin ne ƙarami."

Ya ce, "Ranar zaɓe ya aka yi suka gano hanya? Akwai magana a ƙasa, Sale."

A wurinsa dillalan hatsi na Daura ne suka haɗa baki da mai karanta labarai, a ɓoye mana ruwa mu tsorata mu sayar da gero da wuri. Saboda haka ya yanke wa kansa doka: abin da rediyo ya faɗa, kishiyarsa zai yi. Ran nan aka ce gobe za a yi ruwa a ƙasar Daura. Kawu ya yi murmushi, gari na wayewa ya kwaso barkononsa kaf ya shanya a kan fa. Kafin azahar ruwa ya goce, barkono ya bi kwari, har awakin maƙwabta suna atishawa. Muna tsince ragowar a taɓo, Inna Hajara matarsa ta ce, "To Malam, yau dai sun yi gaskiya."

Ya ce, "Da gangan suka yi. Wani ne ya kai musu labarin zan yi shanya." Kwana biyu bai amsa gaisuwar maƙwabcinsa Tanimu ba.

Da aka ƙaddamar da shari'a aka fara korar masu duba, sai Kawu ya saka babbar rigarsa ya ce in ɗauke shi a babur zuwa kotu. A gaban alƙali ya ajiye rediyon.

"Allah ya gafarta Malam, kun kori masu zane a ƙasa, kun bar wannan yana faɗin abin da zai faru gobe."

Alƙali ya danne dariya. "Baba, ƙararka duba suke yi, ko kuwa ba sa duba wa garinku?"

"Duka biyun. In haramun ne a hana su. In halal ne a ba mu rabonmu."

Shekarar ambaliya kuwa, rediyo ya ce sati guda ba ruwa. Jin haka Kawu ya tasa mu gaba muka kwashe geron rumbunsa zuwa kan tudu, mutane suna ta yi mana dariya. Ruwa ya sauko daga dutse da asuba, ya cinye katangu da rumbunan ƙasan gari, har da na Tanimu. Washegari sai ga sunan Ƙahon Dutse a labarai. Muka yi tsammanin zai yi murna. Ya kashe rediyon a hankali, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ba su sunanmu?"

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne inda geron nan ya tafi. Ni na riƙa kai shi gida gida a kan jaki, da saƙon da ya ba ni: a ce ƙwari sun shiga, a taimaka masa a cinye. Geron nan garau yake, ni na auna shi. Gidan Tanimu ya ce in fara kaiwa, kuma kada in tsaya a yi godiya. Shi da Inna Hajara da rogo suka ƙarasa shekarar.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya ciyar da shi daga abincin Aljanna. Amin.